A Ajiye Kason Abdulwahab

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Umara Mai Banda na unguwar Abbaganaram a Maiduguri. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin hankalina, ba zazzaɓi ke magana ba, babu kuma wanda ya tsaya a kaina. Kunnena na hagu ne ya mutu tun ranar da bam ya tashi a bakin kasuwa, sai kuma ƙirjin nan da likita ya gaji da ɓoye mini labarinsa. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu Manzonsa ne. Da Hausa na rubuta domin Kanurin 'ya'yana a baki ya tsaya, bai kai takarda ba.

Wasiyyar nan ta Madu ce babbanku, da Khairunnisa da ke ƙasar Turawa, da mahaifiyarku Hajja, da Rashida matar Abdulwahab, da shi Abdulwahab ɗin ranar da Allah ya fito da shi. A karanta ta a ɗakin Hajja. A rufe ƙofa, a bar wayoyi a zaure.

Na ɗaya. Idan na cika, Madu ya yi mini wanka, a kai ni makwancina kafin rana ta faɗi. Kada a jira jirgin kowa. Ba wanda yake bina kuɗi, waɗanda nake bi kuma na yafe, yawancinsu ma suna sansanin 'yan gudun hijira.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba gida ko rumfa ba: Abdulwahab yana raye. Duk wanda ya ce muku ya mutu, ku tambaye shi wa ya wanke gawar.

Kun san yadda aka tafi da shi. Shekarar da gari ya rikice, bayan harbin da aka yi a bayan layinmu, masu kaki suka kewaye unguwa da hantsi, suka zaunar da samari a rana, suka zaɓi na zaɓa. Yana ɗaure kwalin kifi aka kira shi, igiyar tana hannunsa ya hau motar. Daga nan na zama ɗan bakin ƙofa. Babu shingen da ban tsaya ba, da hotonsa a aljihu. Ana zagina, ana korata, amma ban taɓa jin wanda ya ce ba ya wurinsu ba. Cewa ake yi a dawo gobe. Mai neman ɗa ya san daɗin wannan goben, domin ba a ce wa uban gawa ya dawo gobe.

Sai maganar Khairunnisa ta shigo. 'Yata, ki yi haƙuri, dole in faɗa a gaban kowa don a daina faɗa a bayanki. Allah ya ba ki murya, kika tafi karatu, waƙa ta ɗauke ki, har sunanki ya fi nawa nisa. Da manyan mawaƙa da taurarin fim na can suka shirya gangamin a daina yaƙi, suka sa ki a gaba. Na kalla a wayar Madu. Mutane cike da fili, kowa da kyandir, wani dogon ɗan fim sanye da riga mai hoton ɗana yana ta fama da sunan garinmu harshensa na harɗewa. Ban raina su ba. Mutumin da bai haɗa komai da kai ba ya fito cikin sanyi saboda kai, ya yi abin a gode masa. Amma da kika ga sun yi tsit suna jiran abin da zai sa su kuka, sai kika ce yaƙin nan ya kashe miki yaya. Ba ki ce ga wanda ya kashe ba, kin ce an kashe. Na san a zuciyarki kin riga kin fid da rai, na kuma san cewa an ɓace da mutum ba ya sa fili kuka kamar an kashe shi.

Ba a yi mako ba wani gidan talabijin na masu mulki ya ɗauko wurin. Suka yanke inda kika roƙi kowane ɓangare ya ajiye makami, suka yanke inda kika ambaci samarin da ake kwashewa. Suka bar hawayenki, suka jera shi da hoton ƙauyen da yaran daji suka ƙona. Safe da yamma ake sawa. Da na koma bakin shingen, wani yaro mai kaki da bai kai Madu ba ya ciro waya ya nuna mini fuskarki, ya ce 'yar cikina ta shaida wa duniya 'yan ta'adda sun kashe shi, me kuma nake nema. Tun daga ranar ba a sake ce mini in dawo gobe ba. Na yi fushi da ke, fushin da ban taɓa yi da wani ɗa nawa ba, har na daina karɓar waya in ke ce. Yanzu ya wuce. Na yafe miki duniya da lahira.

Abin da ya tabbatar mini yana raye shi ne Pindar. Mutumin kudancin Borno ne, Kirista, malamin makaranta, masu kaki sun sako shi bayan azumin bara. Ya zo gidan nan ƙafafunsa a kumbure, yana waige kamar ɓarawo. Ya ce ɗaki ɗaya suka kwana da wani Abdulwahab mai tabon ƙuna a gwiwar hannu, wanda ya ce a ƙuruciya ya faɗa kan tukunyar kunun Hajja yana gudun bulalar ubansa. Wannan labarin bai taɓa fita daga gidan nan ba, don kunyarsa nake ji. Pindar ya ce ya bar shi a rame, yana tari, amma da ƙafarsa yake tashi salla.

Na uku. Sunan Pindar kada ya fita daga ɗakin da kuke zaune. Ba a gaban lauya ba, ba a gaban ɗan jarida ba, balle a dandalin waƙa. Ya sayar da ransa ya kawo mana labari. Duk shekara in kaka ta yi, Madu ya aika masa da kwalin banda mai kyau ta hannun direba, ba tare da takarda ba.

Na huɗu. Rabon gado. A kira limamin unguwa da malamin da ya san ilimin gado, a kai gaban alƙali, a yi da rana a gaban shaidu. A fitar wa Hajja tumuninta. Sauran a raba shi kan 'ya'ya uku masu rai: maza biyu, mace ɗaya. Shari'a ta san hukuncin wanda ya ɓace ba a ga gawarsa ba, ajiye kasonsa ake yi har ya dawo ko mutuwarsa ta tabbata. Ina so ɗakin da ke kusa da zaure da rumfata ta kasuwa su faɗa a kasonsa, idan ƙima ta ba da hali. Madu ya riƙe amana, abin da rumfa ta kawo a ci da Rashida da 'yarta. Na san malamin zai tambaya ko an yi masa sallar ga'ib. Ba a yi ba, kuma na haramta a yi.

Ku fahimci dalilina. Ranar da kuka raba dukiyata biyu maimakon uku, kun binne shi da hannunku, kun sa hannu a kan abin da talabijin ɗin nan ya faɗa. Ranar da alƙali ya rubuta sunansa cikin magada masu rai kuwa, akwai wuri ɗaya a ƙasar nan da hukuma da kanta ta yarda bai mutu ba. Da wannan rubutun ne lauya zai iya buga ƙofa. Ni ɗan kasuwa ne, iyakar dabarata ke nan.

Na biyar, gare ka Madu. Mutanen nan biyu masu gogaggun kaftani da suka zo daga wajen GRA da buhunan shinkafa, za su dawo, kuma ranar gaisuwata za su zaɓa, da masu ɗaukar hoto a bayansu. Na ji abin da suka gaya maka a zaure, kunnen dama yana aiki. Ana shirya bikin nuna wa duniya zaman lafiya ya dawo, suna so Khairunnisa ta zo ta yi waƙa, za a ba mu diyyar waɗanda 'yan ta'adda suka kashe wa dangi, sannan a hankali za a duba maganar Abdulwahab. Na ga yadda idonka ya yi haske, ban kuma zarge ka ba, kai ma ɗan'uwanka kake so. Amma ka tsaya ka auna. In ya mutu, me za a duba? In kuma akwai abin dubawa, diyyar wa za mu karɓa? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka shimfiɗa musu tabarma, ka karɓi gaisuwarsu da ladabi, kada ka ɗaga murya, domin ɗan'uwanka yana hannun da ba mu gani. Na'urar hoto ta tsaya a bakin titi. Shinkafar tana nan a zaure ban taɓa ba, a mayar. Kada ka dangwala yatsa a kan komai.

Na shida, gare ki Khairunnisa. Ban ce ki daina waƙar a daina yaƙi ba. Yaƙin nan ya ci kasuwata, ya ci kunnena, ya ci ƙawayen uwarki, ina zan ƙi mai cewa a daina? Amma ki sani duk wanda ya miƙo miki makirufo, almakashi yana ɗaya hannun. Na nan sun yanka maganarki sun ɗinka rigarsu. Na ji kuma wani gidan talabijin na wata ƙasa da ke jin haushin tamu yana nemanki, su ma ba don Allah ba ne, sanda suke nema. Kada ki je bikin nan, kada ki je wancan. Kada kuma zafin nadama ya sa ki hau dandali ki ce yana raye a wuri kaza. Wannan ne abin da yake hana ni barci: idan kika kunyata su a idon duniya, hanya mafi sauƙi gare su ita ce su mayar da maganarki ta farko gaskiya. Duk inda aka tambaye ki yayanki, ki ce kin yi kuskure, ba mu ga gawarsa ba, muna jiransa. Ki tsaya nan. Na juya maganar nan ta kowane gefe ban ga inda almakashi zai shiga ba. Abokanki taurari za su ce ta yi sanyi, ba za ta cika fili ba. Su in taro ya watse gida suke komawa, 'yan'uwansu suna nan cif.

Na bakwai. Madu, rantsuwar da ka yi cewa ba kai ba ƙanwarka, ka yi kaffara ka warware ta kafin a share makokina. Kai za ka fara kiranta. Ita ta yi kuskure a gaban duniya, kai ka kusa yin naka a zaure, ba wanda zai yi wa wani gori.

Na takwas. Rashida, 'yata, kin yi haƙurin da ban isa in nemi ƙari a kansa ba. Idan jira ya fi ƙarfinki, ki je wurin alƙali ya raba auren saboda rashin miji a kusa, Madu ya raka ki, kada wanda ya ɗaure miki fuska. Abu ɗaya na roƙe ki: kada ki yi takaba. Ki fita a matsayin matar da mijinta ya daɗe, ba wadda mijinta ya mutu ba.

Hajja, ke ba sai na rubuta miki komai ba. Ki ci gaba da share ɗakin Abdulwahab kamar yadda kike yi duk Juma'a kina tsammanin ban lura ba.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya tsare ku daga sharrin mai bindiga da sharrin mai daɗin baki. Allah ya kashe wutar nan, ya mayar da kowa gidansa. Ku riƙe juna, ku riƙe uwarku. Ku uku na haifa, duk wanda ya tambaya uku za ku ce, ko bayan shekara nawa.

Ranar da ya fito, kada a tare shi da kuɗin rumfa ko labarin talabijin. A ba shi ruwa, ya yi wanka, ya ga uwarsa. In ya huta, Madu da Khairunnisa ku sa shi a tsakiya ku kawo shi inda nake. Ku tsayar da shi ta dama, ku ce ya ɗaga murya in zai yi sallama. Ya san kunnen ubansa.