Tokar Farfesa Morag

Litinin, 2 ga Maris, 2009
Farfesa Morag ta iso Wurno yau a cikin gwangwani. Ƙaninta ne ya kawo ta daga Sikotlan. Matar da ta koya mini karanta ƙwayoyin halittar tsutsar tsargiya, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tsintar dodon-koɗi a magudanan dam ɗin Goronyo, ashe a ƙone gawarta ta zaɓa. Wai in zuba tokar a ruwan dam. Na yi mata alkawari tana gadon asibiti, na zaci zafin ciwo ne.

Alhamis, 5 ga Maris
Na ajiye ta a kan kantar ɗakina, kusa da kwalaben gwajin da nake kiwon dodon-koɗi a ciki. Da hantsi na tarar dodon-koɗin duk sun hauro, sun manne ta gefen gwangwanin. Na canza mata wuri. Su ma sun canza.

Asabar, 7 ga Maris
Baba Sodangi, dattijon nan manomin albasa, ya ji. "Mi kika aje a ɗaki, Sa'adiyya? Mutum anka ƙone? Ruwan ga jama'a ka sha, da shi mu ka alwala." Gaskiyarsa. Amma alkawari kaya ne.

Talata, 10 ga Maris
Tsoronta nake ji. Tana da rai ma haka ne, balle yanzu. Ɗakin sai warin laka, ga shi ko ɗigon ruwa ban zubar ba.

Juma'a, 13 ga Maris
Na binne ta a tudun gonar albasar Baba a Taloka, nesa da magudana. Ƙasa dai ita ce mutuncin ɗan Adam. Na ce ta yi haƙuri. Da tana nan da ta leƙo ni ta saman tabarau, kamar ranar da na ɓata mata gwaji.

Laraba, 18 ga Maris
Jiya aka sako ruwan ban-ruwa daga dam. Baba ya aiko in zo in gani. Ruwan ya fasa kunyar gonar, ya hau tudun, ya kwance ramin. Gwangwanin a buɗe, babu toka ko kaɗan, cike da dodon-koɗi. "Tunda anka yi dam ruwa bai taɓa hawa nan ba," in ji Baba.

Ɓarakar kunya ce, na sani. Amma na daɗe a tsaye, kuma da zan tafi na yi wa ruwan sallama.