Tulun Baffa Makau

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ciwon gwiwa? Ki gaishe min da ƙanwata Sahura. Lafiya lau nike nan Alƙahira. Wutar narka gilas ta ɗan taɓa hannuna, amma ya warke, kar ki damu.

Yanzu na iya busa gilas. Rannan maigidana ya ce kowa cikin mu masu koyo ya busa abin da zai tuna masa da garinsu. Wasu suka yi teku. Ni na yi tulu kore shar kamar fadamar garinmu Dareta da damina, gindinsa kuwa ruwan toka, kalar ƙurar dutsen zinarin da Baffa Makau ya yi ta niƙawa a tsakar gidanmu, ana hana shi yana dariya. Maigida ya tambayi ma'anar tokar. Na ce gubar dalma ce da ke cikin ƙurar, ita ta kashe Husaina, ɗiyar Sahura.

Kin ce Baffa zai tafi Hajji, yana bi gida-gida neman gafara. Inna, kar ki yafe da bakina. Murtala abokina na tafe da tulun. Ki ba Baffa, ki ce tsarabata ce. In ya dawo daga Hajji ya cika shi da Zamzam, ya sha yana kallon gindin.

Allah shi bar min ke.

Ɗanki,
Nafi'u