Saƙon Yaya Ba Ya Ƙarewa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani, da fatan ƙafafun nan naki sun lafa. Tunda kunnenki ya ƙi waya, ga takarda ta hannun direban motar safe, kamar yadda muka yi da ke.

Na iso birni lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Ɗanki, babban yaron nan nawa, ya tare ni a tasha, ya kawo ni gidansa a can ƙololuwar bene. Matarsa ta karɓe ni hannu bibbiyu, sun ware mini ɗaki ni kaɗai.

Yaya, garin nan bai gane ni ba, ni ma ban gane shi ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina tuƙa bas a titunansa, jiya sai da na tambayi mai jarida hanyar tsohuwar tasharmu. Ya ce, "Baba, wace tasha? Ai wurin nan kanti ne tun ina yaro." Na yi masa godiya, na nemi benci na zauna.

Saƙonninki na fara su. Allurar keken ɗinkinki na samo a kasuwar ƙarƙashin gada, bayan na sha "an daina kawo irinta" har na ƙoshi. Likitan ƙashi ya duba ƙugun nan da na faɗi a kansa, ya ce tsufa ne, in riƙa takawa a hankali. Wato na yi doguwar tafiya don a gaya mini abin da kike gaya mini kullum da safe. Saura gaida tsohuwar maƙwabciyarmu, sai in kamo hanya. Mako biyu muka ce.

Ki riƙa leƙa tukunya, tunda ba na nan balle in ce miki ta tafasa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau. Kada ka dame ni da zancen tukunya, ina girki tun kana rarrafe.

Allura ta iso amma ta yi kauri, ka koma ka sake. Kuma mako biyu a bakin wa? Mutum ya yi shekara da shekaru bai taka gari ba, sai ya leƙa ya juya kamar wanda ya zo ɗibar wuta? Ka gaida maƙwabciya. Ka je ka ga gidan da muka yi haya. Ka je masaƙar da ta cinye mini kunne, ka gaya mini abin da ta zama. An ce an yi sabon wurin shaƙatawa a bakin ruwa, ka sa yaron ya kai ka. Idonka ma a duba shi, kana karanta takarda kamar mai shinshinarta.

Ka ci abin da aka ba ka, ban da ƙorafin gishiri a gidan mutane.

Yayarka

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina rubuta miki ƙafafuna cikin ruwan ɗumi, ki auna da kanki.

Maƙwabciya tana raye, amma ta tafi ta bar jikinta. Na zauna kusa da ita, ta dube ni ta ce, "Kai ne mai gyaran famfo?" Na ce ni ne Direba, ƙanin mai saƙa. Ta ce, "To, famfon ya daɗe yana zuba." 'Yarta ta yi ta ba ni haƙuri. Na sha ruwa na fito.

Gidan hayarmu an fasa shi an yi shaguna. Daidai inda gadona yake da, wani yana gyaran waya. Wurin shaƙatawa kuwa na je. Ɗanki ya zaunar da ni ina kallon ruwa, shi yana gefe yana amsa kiran ofis, ruwa yana kallona. Ba laifinsa ba ne, aiki ya yi masa yawa. Da safe su fita, yara su tafi makaranta, a bar ni da talabijin da wani injin sanyi mai sa mini tari.

Masaƙarki ta zama ɗakin ajiye kaya. Maigadi ya bar ni na leƙa. An kwashe injuna, sai buhuna har sama, amma jajayen ƙwayayen lantarkin nan suna nan a jere jikin ƙarfen rufi, ƙura ta rufe su. Na tuna kina cewa ƙarar wurin ba ta barin a ji ko da ihu, sai dai in zare ya tsinke jan ƙwai ya kama, ki ruga. Shiru ya yi wa wurin yawa, Yaya, ban daɗe ba.

Wani abu ya ba ni dariya. A banɗakin ɗakina akwai sabon ƙarfen dafawa a bango, simintinsa ko gama bushewa bai yi ba. Matar ɗanki ta ce kafin in zo aka sa shi. Na ce duk wannan wahala don baƙon mako biyu? Ta yi murmushi ta shige kicin.

Ga wata allurar. Na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Ina so in zo gida.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na ga takarda, na ga allura. Sannu da ƙafa.

Gida ba ya gudu. Tunda kana nan a duba haƙorin nan naka mai ramin. Ka nemo mini zare ruwan toka, ba mai duhu ba, ba mai haske ba. Takalminka ma ya cinye ta gefe ɗaya, a sake maka.

Tarin nan kuma kada ka yi wasa da shi. Rigar sanyinka tana can ƙasan jaka, cikin aljihun zif, ka ciro ka sa.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Yau gaisuwata gajera ce, ki yi haƙuri.

Na ciro rigar sanyi kamar yadda kika ce. Da na warware ta, sai ga hoton marigayiya matata, wanda ke rataye saman gadona tun ranar da muka tare a gidan. Kin naɗe shi da kyau, gilashinsa ko tsaga bai yi ba. Yaya, ke kika haɗa mini jaka. Ba a sauke hoto daga bango don tafiyar mako biyu.

Na jira ɗanki ya dawo, na ajiye hoton a gabansa. Ya sunkuyar da kai kamar lokacin da yake yaro. Ya ce, "Baba, Gwaggo ce ta aiko mini takarda. Ta ce in ɗauke ka, kada in gaya maka sai ka saba." Na ce in saba da me? Ya ce, "Da nan."

Ashe allurar farko ma daidai take. Ashe hawa da saukar gadar nan da nake yi da ƙugu ɗaya, igiya ce kike ƙara mini don kada in ji an ɗaure ni. Zare ruwan toka, wai ba mai duhu ba, ba mai haske ba! Har shago uku na shiga ina nema.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Tun da mijinki da matata suka riga mu gidan gaskiya, mu biyu muke, ko musu muka yi ba ya kwana. In na zame miki kaya, ai bakinki lafiya lau yake, kunne ne kawai ya tafi. Me na yi miki?

Auta

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Hoton nan na manta yana cikin rigar. Tsufa ba ya barin mutum ya iya ƙarya.

Ba ka yi mini komai ba. Ranar da ka faɗi a banɗaki, ka ce wa kowa ba ka daɗe a ƙasa ba. Ni na san ka daɗe. Da hantsi ka shiga. Ina kan keke ina ɗinki, bango ɗaya ne tsakaninmu, har rana ta take. Ba kiranka na ji ba, ruwa na gani yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da na buɗe, bakinka yana motsi yana cewa Yaya, kuma washegari maƙwabta suka ce muryarka ta dushe. Na san a kan me ta dushe.

Tun ranar ban ƙara ɗinka riga ɗaya a zaune ba. In ka shiga banɗaki, ina bakin ƙofa. In ka kwanta da rana, sai na leƙa na ga cikinka yana motsi. Kana ce mini na faye zirga-zirga, to ita ce zirga-zirgar. Na goya ka a bayan nan, Auta. Ba zan iya a ce ka cika a bayan ƙofa kana kirana, ni ina ɗinkin aljihu ba. Can akwai masu kunne.

Ba da kai na gaji ba, da tsoro na gaji. Ka zauna. Ka yafe mini zaren.

Yayarka

*

Yayata,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki da girmamawa. Na karanta takardarki na ajiye, na sake ɗauka.

Masu kunnen da kike faɗa, daga safe zuwa magariba ba sa gida. In na faɗi a nan, talabijin ce za ta ji ni.

Jiya na yi saƙo ɗaya wanda ba ke kika aike ni ba. Na koma ƙarƙashin gada, layin masu kayan lantarki, na yi wa wani mai gyara bayanin jajayen ƙwayayen masaƙa. Ya ce, "Baba, ai wannan ba wuya." Ya haɗa mini maɓalli biyu, ɗaya na banɗaki can ƙasa inda hannun wanda ya faɗi zai kai, ɗaya na gefen gado. Ƙwai ɗaya saman kekenki, ɗaya a kicin, da batir saboda ranar da babu wuta. Na gwada a shagon, ya kama. Ke da kika ci rabin rayuwarki kina hango jan ƙwai kafin kowa, ba nawa ne zai wuce ki ba.

Kuma ki gaya mini gaskiya, tun da na taho tukunya nawa ta ƙone? Wa ke ce miki ana sallama a ƙofa? Ke babu kunne, ni babu ƙugu, sai an haɗa mu ake samun mutum ɗaya.

Kayan suna cikin jaka tare da hoton. Amma kin girme ni, kuma tsoron naki ne, ni ban ɗauke shi ba balle in san nauyinsa. In kin ce in zauna, zan zauna, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Ina jiran direban motar safe.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Tukunya ba ruwanka.

Saƙo ɗaya ya rage. Ka koma wurin mai lantarkin ya canza maka ƙwayayen, ja ya ishe ni a duniya. Ka karɓo kore. In ka yi wannan, ka hau motar safe.

Ƙusar hoton tana nan a bango, ban cire ta ba.

Yayarka