Katakon Bangon Baba

Yaya Fumie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Ƙashin ƙugun ya fara haɗewa?

Ni nan Asahikawa lafiya lau. Yatsuna sun ɗan tsattsage da sanyi, shi ya sa rubutun ya karkace, amma ba wani abu ba ne. Busasshen kifin ya iso, na gode.

Yaya, wata magana ta tsaya mini a rai. Watan jiya Baba ya kira ni ya ce, "Tatsuro, katakon bangon arewa ya ruɓe, iska har shimfiɗata. Zo ka canja mini." Na ce masa ba a wannan aiki da hunturu, ƙusa tsaga katako take yi. Ya ce, "To, kai ne gwani."

Ƙarya na yi masa. Gida huɗu muka canja wa katako cikin dusar ƙanƙarar bana. Ƙyuyar doguwar tafiya ce kawai ta kama ni. Da na zo, da bai hau tsani ya faɗo ba.

Ina tafe ranar Asabar da kayan aikina. Kafin nan ki mayar da shimfiɗarsa ɗakin kudu. Kada ki faɗa masa komai. Idan ya ji gudumata a jikin bango cikin wannan sanyi zai gane da kansa, kuma gara ya tarar da ni a kusa.

Ki gaishe shi da jiki.

Ƙaninki,
Tatsuro