Na Yi wa Ƙafar Robata Faci da Hannuna

Hajiya mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Ni mai facin taya ne, shekara talatin ina yi. Tun da aka yanke min ƙafa ƙasan gwiwa nake dogara sanda. Bana aka haɗa min sabuwar ƙafa mai ɗan famfo, yana zuƙe iskar ƙoƙon da dungulmin ke zama ciki, sai ta kama gam kamar da ita aka haife ni. Na jingine sanda, na koma rumfata, har maƙwabta na tsokanata wai yanzu na fi su sauri.

Sai yawan durƙuson aiki ya huda safar robar da ke tare iska a gwiwa, ƙafa ta fara sassauci. To, ni da iska ai mun san juna. Na cire safar, na ɗaure bakinta, na hura, na tsoma a baho, na ga kumfa, na manna faci. Ta kama tsaf. Wallahi ranar na yi alfahari da hannuna.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Fatar wurin da facin ke taɓawa ta yi ja, tana zafi. Mai ɗakina ta ce in koma asibiti, na ce ba a koya wa gwani sana'arsa. Gaskiya tsoro nake a mayar da ni kan sanda, ga bikin kammala karatun 'yata saura mako uku, kuma na yi mata alkawarin hawa matakalar zauren bikin da ƙafafuna.

Mai Faci

Malam Mai Faci, sannu da ƙoƙari. Yadda ka gano hudar nan gwaninta ce, kuma ka cancanci yabo. Amma taya ba ta da fata, gam ɗin faci kuwa ba don jikin mutum aka yi shi ba. A nan mai ɗakinka ta fi ka gaskiya.

Ka cire ƙafar yau, gobe ka kai wa waɗanda suka haɗa ta, ka faɗa musu komai ba ɓoye-ɓoye. Ka nemi safa biyu, ka riƙa sa matashi in za ka durƙusa. Jan da fata ta yi yakan lafa da wuri in an kula, amma in ya zama gyambo, bikin ma daga kan gado za ka ji labarinsa. Ka riƙe sandar 'yan kwanaki, ba za ta rage ka da komai ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa 'yarka ta ɗago kai ta gan ka tsaye a saman matakala.