Hanyar da Na Nuna Musu

Laraba, bayan Isha, gero ya kusa isa yanka

Yau na koya wa 'yan ajina yadda Turawan Sifaniya suka ci daular Aztek. Na zana musu hanyar a allo, daga bakin teku, ta tsakanin duwatsu, har birnin da ke tsakiyar tafki. Na ce baƙin ba su san ƙasar ba, 'yan ƙasa ne suka yi musu jagora, suka ciyar da su.

Da la'asar ina ƙofar gida, sai ga mutum biyu a babur, suna neman hanyar da ta ratsa gonaki ba ta bi titi ba. Na ba su ruwa, na nuna musu ta bayan garken shanunmu.

Da na gaya wa Baba, sai ya ajiye carbinsa.

"Gidan wa suka ce za su?"

Ban tambaya ba. Wa ke tuhumar baƙo da ƙishirwa?

"Haka aka yi a ƙauyen kawunka kafin a kwashe shanunsu," in ji shi.

Allah Ya tsare. Har yanzu da alli a yatsan da na nuna musu hanya da shi.