Ɗan Rago Mai Baƙin Kunne Ya Mutu

Maman Ramla,

Na so in jira ki dawo daga Badafi, amma mota za ta tashi.

Ɗan ragon nan mai baƙin kunne ya mutu da hantsi. Tun safe ya kasa miƙewa, ƙafafunsa na baya suka sandare kamar yadda 'yan uwansa suka yi. Na fita neman taimako, kafin in dawo rai ya yi halinsa, ko yanka shi ban samu yi ba.

Malam Ubale likitan dabbobi ya zo daga Tudun Wada ya buɗe shi. Naman cinya da na zuciya duk sun yi fari-fari. Ya ce, "Muhuyi, ina zargin sinadarin seleniyam ne ya yi ƙaranci a abincinsu. In babu shi, tsoka lalacewa take yi." Ya yanki hanta da tsoka ya sa a ƙanƙara, zan kai Kano a auna yawan seleniyam ɗin da ke ciki, mu san gaskiya.

Garin maganin da ya bari yana kan taga. Cikin murfi ɗaya za ki zuba wa sauran tumakin a dusa. Don Allah kada tausayi ya sa ki ƙara, ya ce in ya yi yawa shi ma kisa yake yi.

Uwar ɗan ragon tana ta kuka a turke, ta ƙi cin komai a hannuna. Ki fara zuwa wurinta kafin ki shiga ɗaki, muryarki ta sani.

Allah ya mayar mana da alheri.

Muhuyi